Gitar Kawu Sanda Mai Radiyo

Duk wanda ya taɓa yin salla kusa da Kawu Sanda ya san ƙarar aljihunsa. Mutumin nan bai iya tafiya kansa a sama ba. Daga gida zuwa shagonsa na gyaran radiyo idonsa na ƙasa. In ya ga bis, wato sukuru, ko kusa ko guntuwar waya, sai ya duƙa ya ɗauka, ya hure, ya jefa aljihu. To in ya yi sujada sai kayan su zubo kan tabarma, kacau. Liman ya taɓa jan shi gefe ya roƙe shi ya riƙa zazzage aljihu kafin ya shigo sahu. Kawu ya ce to. Washegari ya zo da gwangwanin tumatir, ya juye su ciki, ya ajiye gabansa daidai inda goshinsa zai sauka, wai masallaci ma mutane ne ke shiga.

Ƙanen uwata ne. Da na bar lekol, makarantar boko ke nan, ba abin da ban taɓa ba: kabu-kabu, sayar da mai a kwalba, ɗinki. Ba inda na daɗe. Abu ɗaya na iya, kaɗa gitar, ita ma a fadarmu na koya, inda mu samari ke zaman hira, da tsohuwar gitar wani abokina, tsakanin shayi na fari da na biyu. Uwata ta gaji ta tura ni wajen Kawu ko zan koyi sana'a.

Ranar da na fara zuwa bai nuna mini ko radiyo ɗaya ba. Sai ya jawo wani abu daga ƙarƙashin tebur, naɗe cikin tsohon zane. Wuyan gitar ne, shi kaɗai, ba jiki. Wani direba ya kawo masa daga Agadez, wai buhunan albasa suka danne gitar a hanya, wuyan ne kawai ya tsira. Ya ce tun yana saurayi wani makaɗi ya kawo masa gitar mai kuran, wato mai lantarki, ya gyara, da ya buɗe cikinta haushi ya kama shi: katako, maganaɗisu, waya, shi ke nan. Tun ranar ya yi niyyar haɗa tasa.

Sannan ya gaya mini abin da bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Kunnensa na dama ya riga ya mutu, na hagu yana bin sa, kuma likita ya ce ba ya dawowa.

"Ina so in ji ta kafin wannan ya rufe," in ji shi. "Kai ka kaɗa, ni in saurara."

Na ce, "Kawu, ashe kai ba ka iya ba?"

Ya ce, "Maginin masallaci shi ke limanci?"

Na ce in haka ne mu yi sauri, a aika Kano a sayo sauran kayan, a ɗaura, a gama. Ya dube ni kamar na zagi kakansa. Kun san maganarsa dai: abin da aka saya na mai shago ne har ya mutu. Ita ya jefa mini, kuma ita na yi ta sha har muka gama.

Jikin gitar ya ce sai madaci, busasshe. Mun je kasuwar Dogo, mun je Droum, a kan moto, ni ke tuƙi yana bayana yana gyara mini hanya. Wannan ɗanye ne, wancan gara ta taɓa shi, wancan kuma mai shi ya cika surutu. Muka dawo hannu biyu. Ana nan sai matarsa, Inna Hajo, ta tafi suna Gidimuni. Da ta dawo ta shiga ɗaki ta tarar gadonta ba allon kai. Ina tsakar gida lokacin, zarto a hannuna, ban san inda zan sa shi ba.

Kawu ya fara yi mata bayani cewa allon nan ba aikin da yake yi, ba a kwana a kansa, ba a zama a kansa.

Ta ce, "Malam, gadon aurena ne fa."

Ya ce, "Shi ya sa ya bushe da kyau."

Ta daɗe ba ta yi masa magana ba. Tuwo ma ta hannuna yake bi. Har yau in kun juya gitar za ku ga rabin furen da aka sassaƙa a gadon.

Sai aka zo kan mikro, ɗan abin nan da ke ƙarƙashin igiyoyi yana ɗaukar sauti ya kai ampili, akwatin da ke ƙara masa ƙarfi. Ana sayar da shi haɗaɗɗe. Kawu ya ce a'a. Maganaɗisu ya ciro daga matattun lasifikoki, waya kuma ya warware ta daga cikin tsofaffin radiyo, siririya kamar gashi. Naɗa ta sai da keken ɗinki, kuma keke ɗaya ne a gidan, na Inna. A nan ne na ga Kawu ya sayi abu da kuɗinsa: turmin atamfa. Ta karɓa, ta duba, ta ce a mayar mata da keken da allurarsa.

Ni ke juya keken, shi yana riƙe da wayar tsakanin yatsu. In ta tsinke, a warware a koma farko. Haka muka cinye lokacin sanyi gaba ɗaya. Kunnen kuwa ba ya jiran kowa. Masu kawo gyara sai sun ɗaga murya, radiyon shago kuma yana ƙure shi har mai shayin da ke gefe ya ƙaura da teburinsa. Abin ya dame ni. Na samo wani da gitarsa ta lalace, ya ba mu mikro ɗinsa aro. Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya yaba, ya ce aikin ƙwarai ne. Washegari ya mayar mini da shi cikin leda, gutsi-gutsi. Wai ya buɗe ne ya ga yadda suka naɗa nasu.

Ranar gwaji da yawanku kuna nan. Bayan la'asar ne, a fada, har da waɗanda ba su taɓa zama da mu ba. Kawu ya sa babbar riga. Muka jona gitar da ampilin da ya haɗa daga wata tsohuwar radiyo, ya kunna. Ban ko taɓa igiya ba sai gitar ta fara magana. Muryar namiji, a natse: ana cigiyar jaki, fari, mai tabo a kunne, wanda ya gan shi ya taimaka.

Wayyo, ranar wani har shayi ya fito masa ta hanci. Kawu ya ga mutane na faɗuwa ƙasa, shi kuma ba ya jin abin da ke fita sosai, sai ya fara murmushi yana tambaya ko ta yi. Dole na sa baki a kunnensa na hagu na yi ihu cewa sanarwa take karantawa. Ya shafa gemu.

"A shagon radiyo aka haife ta," ya ce. "Me kuke so ta faɗa?"

Ya san maganin abin. Sai an shimfiɗe ramin cikin gitar da takarda mai ƙyalli, yadda tashar radiyo ba za ta samu shiga ba. Na ce ana sayar da ita naɗi guda a kanti, yau-yau mu gama. Ya ce ta cikin kwalin shayi ta fi, kuma kyauta ce. Nan ya fara bin fada-fada yana karɓa. Wanda ya yage tasa da gaggawa ya sha faɗa. Kowace sai ya goge ta da bayan cokali ta miƙe, ya ɗora bakin wata kan wata, ya manna. Zafi ya wuce, damina ta shigo, muna nan.

Wata rana raina ya ɓaci. Na tsaya gabansa na ce taurin kansa zai sa ya gina abin da ba zai ji ba, kunnen nan ba zai jira kwalin shayi ba. Da ƙarfi na faɗa, har Inna ta leƙo. Ya ɗago ya ce bai ji ba. Har yau ban sani ba ko gaskiya ne.

Sai da aka yi girbi ta kammala. Da hantsi ne, a shago, ba taro, ni da shi. Ya kunna ampili. Tsit, ba jaki, ba labarai. Na kaɗa. Wallahi ban taɓa jin abu irin wannan ya fito daga hannuna ba, sauti mai kauri, garau, har ƙarshen layi. Inna Hajo ta taho daga gida da ludayi a hannu. Yara suka taru.

Kawu yana kallon yatsuna. Ya yi mini alama in ƙara. Na ƙure. Ya tashi ya manna kunnen hagu a jikin lasifika, ya daɗe a haka. Sannan ya koma kan bencinsa ya zauna, ya ɗora hannu a gwiwa. Na daina kaɗawa.

Can sai ya miƙe ya zo inda nake. Ya kama kan gitar, can ƙarshen wuya inda ake ɗaure igiyoyi, ya sa a baki ya cije. Ya ɗaga mini gira. Na kaɗa a hankali, yana tsaye a duƙe, ido rufe, katako tsakanin haƙora. Ashe sauti na bin ƙashi ya shiga kai. Na kai ƙarshen kiɗan na sake farawa, bai saki ba. Da ya saki, ya goge baki da hannun riga.

"Igiya ta uku ta yi ƙasa. Ɗaure ta."

Na duba. Ta yi ƙasa.

Inna ta juya ta nufi gida tana cewa ya dai yi a hankali, haƙoran da suka rage masa ke nan. Amma na ga ta goge ido da bakin mayafi.

Daga nan kullum in ciniki ya lafa sai ya rufe rabin ƙofa, ya jawo benci kusa da ni, ya cije. Haka muka yi har ciwon da ya kwantar da shi ya zo. Yanzu da ita nake zuwa bukukuwa, kuma ita ce sana'ar farko da ban gudu na bari ba. Wani kafinta ya ga shaidar haƙoran ya ce in kawo ya goge mini ya shafa fenti. Na ce ya bar su.

Allah ya jiƙan Kawu Sanda, ya yafe masa, har allon gadon Inna. Ya sanyaya makwancinsa, ya buɗe masa kunnuwan nan biyu a inda abin ji ya fi wanda muka kaɗa masa daɗi. Amin.