Firizar Kakana da Karnukansa

Duk wanda ya san kakana Malam Ummaru na Aliero ya san cewa da zarar bazara ta kama, ba ya karyawa sai ya gama cire 'ya'yan kankana da tsinke. Zai zauna a kan buzu, ya dame kankanar da ayaba da kindirmo, babu sukari ko ɗigo, ya ɗura a gwangwanayen madara ya jera a firiza. Jikokinsa kuwa ba mu da rabo a ciki. Na Zaki da Kyalla ne, karnukan da ke gadin rumbun albasarsa.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Firizar nan baffana ne ya aiko da ita tare da sola, don mutanen gida su sha ruwan sanyi, ni kuma na sa rai zan riƙa sayar da zoɓo a ƙofar gida. Ranar farko da na jera zoɓona a ciki, na dawo daga islamiyya na tarar da shi a tsakar gida, rana ta dafa shi kamar shayi. Na tsaya a kansa ina ta masifa, shi ko tsohon bai ko ɗago kai ba.

"Kulu, ke kina da baki, in kin ji zahi kina hwaɗi," in ji shi. "Kyalla hwa, wa za ta gaya ma?"

Na ce to ta buɗe baki ta sayi tata firizar. Ya ce wallahi da tana da aljihu da ta riga ni.

Akwai ranar da ya hau mota takanas ya koma kasuwar Jega da mangwaro a buhu, wai da tsami. Mai mangwaro ya yanka ɗaya ya ɗanɗana, ya rantse zuma ce. Kaka ya ce ai da don kansa ya saya da ya shanye bai ce uffan ba, amma Zaki ya shinshina ya kau da kai. Mutumin nan ya kusa haɗa shi da sarkin kasuwa. Kuma a Aliero, garin da ko iska warin albasa take, ya kafa doka kada a kuskura a ba karnukansa tuwon da miyar albasa ta taɓa, wai tana lalata musu jini.

Wadda ba zan yafe ba ita ce ta ranar da dangin mijina suka zo daga Maiyama neman aurena. Zafi kamar a gasa mutum. Goggona ta buɗe firiza ta ga abu ja gwanin sha'awa, ta juye a kofunan baƙi ta kai musu zaure. Dattawa suna ta sha suna sa mini albarka, a zatonsu ni na haɗa. Sai ga Kaka da gwangwani wayam a hannu.

"Wa ya ba ku abincin karnukana? Yanzu mi za su sha da azahar?"

Ina bayan labule na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can babban cikinsu ya leƙa kofinsa, ya ce tunda an riga an yi ɓarna, ko akwai saura? Kaka ya ce babu, kuma ko akwai babu.

Da ciwo ya kwantar da shi ya sa aka kira ni. Ya ce firiza ta zama tawa halak malak, in sayar da zoɓona. Har na fara hawaye, sai ya riƙo hannuna.

"Ban da kwandon sama, wannan na su Zaki ne. Kuma ki cire 'ya'yan da kyau, na san ki da ganda."

To ga ni nan bayan rasuwarsa, matar aure da 'ya'yana, da yake a nan Aliero muke zaune, kullum da tsinke a hannu ina yi wa karnuka aiki, ina mita. Zaki yana lashe nasa. Kyalla kuwa ba ta taɓawa sai na kai mata nata ƙofar ɗakin Kaka, a can take kwanciya har ya narke.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa. Yadda ya ji tausayin bayin da ba su iya roƙo, Allah ya sanyaya masa makwancinsa.