Kawu ya tafi ya bar ni a bakin gulbi

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kawuna, wanda a gida muke kira Kawu Dakta. Malamin jami'a ne, ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken yadda mutum ke koyon tsoro, da yadda yake rabuwa da shi. Littattafansa da Turanci suke, ban iya karanta su sosai ba. Ni a jikina na san aikinsa.

Ina aji biyar a sakandare kwalekwalenmu ya kife a gulbi, kusa da Argungu. Ni aka tsamo da rai, ƙawata Hadiza sai gawarta. Tun daga ranar, ko randar ruwa na leƙa sai ƙirjina ya ɗaure. Gidanmu kuwa gidan masunta ne, jin tsoron ruwa abin kunya ne. Aka ce iskar ruwa ce ta shafe ni. Na sha jiƙo, na shaƙi hayaƙi, babu sauƙi.

Kowace Asabar Kawu yakan taso daga Birnin Kebbi ya kai ni gulbi. Ranar farko daga nesa muka tsaya, inda ruwan ɗan ƙyalli kawai yake yi. Ya ce, "Ɗiyata, tsaya nan har numfashinki ya daidaita. In kika gudu, tsoron zai ɗauka shi ke da gaskiya." Mako na zagayowa mu ƙara taku biyar. Masunta na yi masa tsiya: "Dakta, yau ma kallon ruwa kuka zo? Ba ya tafasa fa!" Shi dariya kawai yake yi. Mun kai jiƙaƙƙen yashi lokacin da hawan jini ya ɗauke shi. Ban sake komawa ba.

Yanzu na samu aikin koyarwa a wata firamare da ke tsallaken gulbi. Ambaliya ta cinye hanyar mota, sai dai jirgi. Hedimasta ya aiko cewa in ban zo ran Litinin ba, wata za a ba gurbin. Baba ya ce, "Mi ya yi zafi? A rufe miki ido da gyale, minti goma kin ƙetare."

Kwana biyu ina tambayar kaina, da Kawu na nan me zai ce? Na san ba zai yarda ba. Zai tambayi Baba, to ran Talata fa, wa zai rufe mata idon?

Jiya na je gulbi ni kaɗai. Na roƙi wani mai jirgi ya bar ni in zauna a ciki yana ɗaure. Da jirgin ya ɗan motsa, na ji muryar Hadiza a kunnena, na yi amai a gefe. Ban fita ba. Na zauna har numfashina ya daidaita, sannan na sauko da ƙafata.

Kawu bai warkar da ni ba, Allah Ya jiƙansa. Abin da ya bar mini shi ne sanin yadda ake zama da tsoro har ya gaji. Ko zai ishe ni in aka kwance igiya, wallahi ban sani ba. Na dai ce wa mai jirgin ya ajiye mini wuri ran Litinin, kuma ido biyu zan shiga.