Taɓaryar da ta ɗauke bakin Yaya

Ni na jefa taɓaryar nan, ba na ɓoyewa. A Taloka ne, zamanin Nasara, ni da yayata muna lugude a turmi ɗaya, ana shirin suna. Daɗin lugude kuwa shi ne a cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe. Ni uwar son a gani, na ce sai na tafa sau uku. Na tafa ɗin kuwa, amma taɓaryar a kan Yaya ta sauka, daidai saman kunnen hagu. Nan take ta suma.

Ta farfaɗo da la'asar, baki ya tafi, hannun dama ya saki. Jini ko ɗigo babu, don haka kowa ya manta da kan. Aka ce iska ce ta shafe ta. Wanzami ya yi ta kafa ƙaho a hannun har ya yi jina-jina.

Sai ga kawunmu, wanda ya yi aikin ɗaukar masu rauni a yaƙin Bama.

"Mi hannu yay yi muku?" in ji shi. "Ciwon ga kai ya ke. Na gani ga soja, in an bugi hagu, dama ka mutuwa. Ƙwaƙwalwa ta tab bugu can ciki. Ku bar ta ta huta."

Wata huɗu ni ke ba ta fura, tana kallona. Ban san ko tsana ce a idon nan ba, kuma abin ya ci ni ƙwarai.

Wata safiya ina daka ni kaɗai, na ja waƙarmu ta lugude don sabo. Sai na ji amshi daga kan tabarma. Kalma-kalma, tas! Na yar da taɓarya, na fita ko mayafi babu, ina ihu Yaya ta yi magana, Yaya ta yi magana! Gida ya cika. Aka tambaye ta, shiru. Na sake jan waƙa, ta amsa. Ashe magana ce ta toshe, hanyar waƙa na nan buɗe.

Nan gaban jama'a na sa tambayata cikin waƙar: ko ta yafe mini?

Ta yi murmushi da rabin baki, ta rera:

"Na yahe miki, ƙanwa, amma tahi guda ya ishe ki."