Waya Mai Kauri

Jiya a garejin unguwarmu na ji ƙaurin robar waya, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Mai haɗa wutar mota ne a Birni, kuma ba ya yarda da waya sai ya damƙe ta ya ji ɗuminta.

A shekarun fari ni ke tuƙa motar shelar rabon hatsi zuwa ƙauyukan Dakusa. Wata safiya, don sauri, na jona akwatin ƙara muryar lasifika da siririyar wayar rediyo. Kawu ya taɓa ta, ya janye hannu.

"Ɗana, akwatin nan wuta yake sha ba kaɗan ba. Kafin ƙauye na biyu wayarka ta narke. Wanda bai ji shela ba, me zai ba iyalinsa?"

Ya jawo mai kauri daga batir kai tsaye, ya ce kada in kashe inji muddin ana magana.

Har la'asar muryar ba ta shaƙe ba. Tun muna nesa mata ke fitowa bakin hanya suna kasa kunne.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, Ya jiyar da kai kira mai daɗi ranar tashi.