Ka Lumeng, Wa Zai Yi Miki Addu'ar Kwana Tara?

Ranar Talata, sha biyu ga Agusta, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata Iluminada Macatangay, wadda duk garin Bauan ke kira Ka Lumeng. Shekararta tamanin da ɗaya.

Ka Lumeng, shekara arba'in ke ce mai jan addu'ar kwana tara a duk gidan da aka yi rashi, da tsohon harshen Tagalog ɗin da kika gada wurin kakarki. Da mijina ya nutse a teku, ke kika zo da baƙin kofi a buta, kika durƙusa kusa da ni, kika yi ta faɗa ina maimaitawa har bakina ya buɗe. Aji huɗu na yi a makaranta. Abin da na iya na addu'a, a bakinki na tsinta.

Ban manta da Agustan bara ba, watan bikin harshen ƙasa, wato Filipino. Makarantar jikarki ta gayyace ki, suka sa miki kayan gargajiya, suka zaunar da ke kan dandamali kamar tukunyar ado. Kina fara magana yara suka fashe da dariya. Wata malama ta karɓe lasifika, ta ce, "Yara, wannan Tagalog ɗin ƙauye ne. Mu Filipino muke koyo."

Kika dube ta, kika ce, "'Yar nan, Filipinon naku a bayana aka goya shi. Don an sake wa yaro suna a Manila, sai ya ji warin uwarsa?"

Kin yi dariya, amma ni na ga yadda kika naɗe kayan nan a gida, ba ki ƙara taɓa su ba.

Jiya makarantar nan ta aiko da furanni, da ƙyalle an rubuta "Uwar Harshenmu". Tir! Ɗanki Crisanto kuma ya iso daga Manila, ya jingina wayarsa da akwatin gawarki, wai wata murya za ta ja mana addu'a, rabi Filipino rabi Turanci.

Ya kira ni Tiya, wato gwaggo, ya ce, "Tiya Petra, ai duk ɗaya ne. Tagalog ɗin Nanay, mahaifiyata, ba mai gane shi yanzu."

Na ce, "Crisanto, da shi ta binne ubanka. Ɗauke abin nan."

Na juya ƙyallen ya fuskanci bango, na durƙusa. Muryata ba ta kai taki ba, sau biyu na kakare. A na biyun, jikarki Marites, wadda ta sunkuyar da kai ranar da aka yi miki dariya, ita ta ɗora mini daga baya. Ashe tana ji.

Saura kwana takwas, Ka Lumeng, kuma mu biyu ne.

Allah ya jiƙanki, ya yafe kurakuranki, ya ba ki hutu. Ya ba Crisanto da Marites da duk zuriyar Macatangay haƙurin rashi. Amin.

Perpetua (Petra) Dimaculangan