Allura Ta Bakwai

Shida na ƙirga. Na sake bi da ɗan yatsa a kan ƙyallen da nake soke su, ɗaya bayan ɗaya, har yanzu shida. Allurata bakwai ne tun ina aji uku a sakandare, malamar da ta koya mana ɗinki ba ta barin kowa ya tashi sai ya ƙirga nasa, ni kuwa abin ya bi jikina. Ban taɓa rufe gwangwanin ɗinkina ban ƙirga ba, sai a makon da Yayata ta haihu. Wadda babu ita ce 'yar gajeruwar nan mai kaifi, wadda na ɗinke bargon jaririn da ita.

Safiyar Litinin ce, a ɗakin Inna a Karaye, na zauna zan sa wa wata rigar sanyi maɓalli. Na zazzage gwangwanin. Na kakkaɓe tabarma, na share ɗakin, na zuba sharar a rariya na tankaɗe. Ina cikin tankaɗen ne na tuna. Ranar da nake rufe kusurwar ƙarshe ta bargon, zare ya ƙare mini daidai lokacin da Inna ta ƙwala mini kira in sauke tukunya. Na soka allurar a jikin bargon na tashi. Da na dawo, wata na ɗauka mai zare a jiki na ƙarasa. Ita kuwa waccan, ba zare a gindinta, ta nutse cikin auduga. Bargon kuma kwanansa huɗu ke nan a gidan Yaya a Ruwan Bago, ana kwantar da ɗan kwana goma sha ɗaya a kai.

Wata biyu ke nan da faruwar abin, amma ko yanzu da nake rubutawa sai na ajiye biro na buɗe gwangwanin na duba.

Ya kamata in faɗi abin da bargon nan yake a wurina. Ban fara da iyawa ba. Hular ulu ta farko da na saƙa, da nufin kan jariri, Inna ta ɗauka ta rufe bakin tulu da ita, ta kuma zauna daidai. Safa ta biyo baya, ɗaya ta ɗan yaye, ɗaya ta ɗan shekara bakwai. Sai a aji biyar hannuna ya daidaita, na yi rigar sanyi mai igiya a ƙirji wadda har malamarmu ta ɗaga ta nuna wa aji. Da na gama makaranta na dawo gida jiran sakamako, sai na ce zan yi abin da ban ga kowa ya yi ba a unguwarmu: bargon faci, mai auduga a tsakiya, kamar wanda na gani a littafin malamar.

Gida arba'in da takwas na yanka, kowanne faɗin tafin hannu, shida a kwance takwas a tsaye. Ban sayi ƙyalle ko ɗaya ba. Akwai ragowar shaddar Baba wadda yake sawa in za shi ofishin hakimi, akwai tsohon zanen Inna mai ganyen kuka, akwai rigata ta makaranta, da guntayen atamfofin auren Yaya da ta bari a akwati. Audugar ta gonarmu ce ta bara. Ni na gurje ta, Inna ta shiɓe mini ita har ta yi laushi. Na shimfiɗa ta tsakanin facin da farin yadi, na bi da ɗinkin hannu mai ratsa duka ukun, ƙanana ƙanana, kowane gida da gicciyensa. Wata uku ina yi. Yatsana na tsakiya har yanzu da kanta. Da na gama na shanya shi a igiya, matan maƙwabta suka shigo kallo, wata ta ce in ba a gabanta na yi ba da ta rantse daga kantin Kano aka sayo.

Ranar suna na kai shi da kaina. Mata suka yi ta miƙa wa juna ana sa albarka. Mutum ɗaya ce ba ta yaba ba, uwar mijin Yaya, wadda duk gidan ke kira Iya. Tsohuwa ce manomiya, ba ta yarda da abin da ido kawai ya gani ba. Ko tuwo aka kawo mata sai ta danna. Ta karɓi bargon ta shiga matsa shi da hannu biyu kamar mai zaɓen kabewa, ta sa babban yatsanta a baki, ta naɗe shi ta shige ɗakinta. Na ji haushi ƙwarai. Na ce a raina, ina tsohuwar ƙauye za ta san wahalar gida arba'in da takwas.

Inna ta same ni durƙushe da rariya a hannu.

"Ke kuma lafiya, kike tankaɗen shara?"

Na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Ta yi salati a hankali, ta ɗauko mayafinta ta miƙo mini.

"Tashi ki bi motar Rogo. Ni zan gaya wa babanki. Kuma kada ki faɗa wa kowa a hanya, kin ji ko? Allura a shimfiɗar jariri, kin san abin da mutane za su ce an yi."

Na sani. Ba wanda zai ce mantuwa ce. Amma a motar ba wannan ne ya cika mini kai ba. Bayan jaririn nake gani, yadda yake da laushi, da yadda Yaya take juya shi ta kwantar da shi rubda ciki in ya sha nono. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji kamar ni aka soka. Matar da ke kusa da ni ta ba ni dafaffiyar gyaɗa, na riƙe ta a hannu har Rogo ban ɓare ba. Daga nan na bi wasu mata masu komawa Ruwan Bago. Kaka ce, ko'ina an tuge gyaɗa an kifa ta a kunya tana shan rana, suna ta hirar amfanin gona, ni kuwa ina gaba ina jan su da sauri.

Ana kiran azahar na yi sallama. Yaya tana zaune a bakin gado tana shan kunun kanwa, jaririn yana barci a kan bargon, daidai wajen shaddar Baba. Ban amsa gaisuwarta ba. Na sure shi na rungume, na ture bargon ƙasa da ƙafa.

"'Yar boko, haukan ne ya motsa? Ko gaisuwa babu?"

"Yaya, akwai allura a ciki."

Ta ajiye kofin. Muka tuɓe shi tsirara a kan cinyarta, ya farka yana tsala kuka, muna duba shi gaba da baya, hammata, bayan kunne, tsakanin yatsu. A ƙasan kafaɗarsa akwai wani ɗan jan tabo. Na ɗora yatsa a kai.

"Sauro ne," in ji Yaya. "Tun jiya na gani. Ki duba nawa hannun, duk haka yake."

"In ta shiga jikinsa fa? An ce tafiya take yi."

"Da ta shiga da ba mu yi barci ba a gidan nan. Kin ji muryarsa ai, irin ta ubansa."

Tana wasa, amma ba ta sake shi ba. Muka shimfiɗa bargon a tabarma muka bi shi da hannu, gida gida. Ba mu ji komai ba. Laifin gwanintata ne, na cika audugar, na kuma matse ɗinkin, kowane gida ya yi tauri kamar ɗan matashi.

"Naɗe shi kawai in jefa ƙasan akwati," in ji ta. "Ba sai an kwantar da shi a kai ba."

"Wata rana wani zai ɗauko. Iya tana ina?"

"Tana gona wajen tsinkar gyaɗa, sai la'asar. Ki rufa mini asiri ki gama abin da za ki yi kafin ta dawo."

Na ce ta ba ni reza da faifai.

Na fara da kusurwar da na rufe daga ƙarshe. Ɗinkin nan da na yi wata uku ina jerawa kamar haƙoran masara, shi na riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ko a lokacin, da tsoron da komai, sai da na lura ba ya tsinkuwa da sauƙi, ko'ina sai na sa ƙarfi. In na buɗe gida sai in zaro audugar in yayyage ta a faifai, in murza kowane ɗan curi tsakanin yatsu. Kusurwar ba komai. Na ce ko na manta kusurwar ce, na koma ɗayar. Na bi layin gefe, na shiga na biyu. Rigar makarantata ta fita, zanen Inna ya fita. Yaya tana jijjiga yaro tana leƙen ƙofa.

"Wallahi kin ba ni tausayi. Kaza ma ba a fige ta haka."

"Ki bar ni, Yaya."

"Na bar ki. Saura nawa?"

Gida talatin da ɗaya na buɗe. Auduga ta cika faifai biyu, ta hau gashin idona, allura babu. Tun daga na ashirin wani tunani ya fara cina: in na kai arba'in da takwas ban gan ta ba, to ta riga ta fita, tana cikin katifa, ko cikin zanen goyo, ko inda ba na son in ambata.

Sai muka ji sallamar Iya a tsakar gida. Ba yadda za a ɓoye faifai biyu na auduga. Ta sauke ƙwaryar gyaɗa, ta ɗaga labule, Yaya ta zame daga gado ta durƙusa. Ni ma na durƙusa.

"Sannu da zuwa, Iya. Ya gona?"

"Da godiya. Malama ce a gidan namu? Ya mutan Karaye, ya innar taki?"

"Suna lafiya, suna gaishe ki."

"Ina amsawa. Ya gajiyar suna?"

"Babu gajiya."

Sai da ta ƙare gaisuwar tsaf, har ta tambayi Baba da ciwon ƙafarsa, sannan ta dubi tabarmar. Ta daɗe tana kallo.

"Wane ne ya yi wa bargon jikana wannan aika-aika?"

Da ƙyar na ce, "Iya, ni ce. Allura na manta a ciki. Wallahi mantawa na yi."

Ta kai hannu gefen ɗankwalinta, wajen ƙullin, ta lalubo wani abu ta miƙo shi saitin hasken ƙofa. 'Yar gajeruwa, mai kaifi.

"Wannan?"

Na zauna daɓas a kan audugar.

"Tun ranar suna," in ji ta. "A gabanki ma ta soke ni, kina can kina hura hanci ana yabonki. Na kai ɗaki na matso ta. Sai da na bi shi sau uku, ciki da baya, kafin in bari a ɗora yaron."

"Iya, ba ki faɗa mini ba," in ji Yaya, kanta a ƙasa.

"In faɗa wa mai jego, nono ya ɗauke? Ko in faɗa a taron suna, a kai labarin har Rogo kafin a raba waina?" Ta juyo gare ni. "Na zauna na duba ɗinkin nan, 'yar nan. Shekarata nawa ina kaɗi, na san hannu. Wadda ta zauna ta jera wannan ba mugunta ta kawo ta ba. Na ce in mai hankali ce za ta ƙirga kayanta ta biyo sawu. Kwana huɗu dai kin yi nawa."

Ta tsuguna ta ɗauki gefen da ban kai ga farkewa ba, ta ja shi da hannu biyu da ƙarfinta na mai noma. Bai motsa ba. Ta gyaɗa kai.

Kuka ya zo mini, irin wanda ba sauti. Na ce, "Tabon da ke kafaɗarsa fa?"

"Sauro ne, ni na kashe shi da hannuna. Ba abin da ya taɓa yaron nan, ko ƙwarzane. Ke ma ba abin da zai same ki, maganar ta tsaya a ɗakin nan, mu uku. Ba ta ruwa ta sha."

Yaya ta miƙo mini moɗa, na sha ina zubarwa a mayafin Inna. Na miƙa hannu in karɓi allurar. Iya ta mayar da ita cikin ɗankwali ta gyara ƙullin.

"Shida sun ishe ki aiki. Wannan tana wurina sai ranar da kika mayar mini da bargon jikana yadda yake. Ki fara tattara audugar kafin awaki su shigo."