Hasken da Bai Riski Baban Zainab Ba

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Tun rasuwar mijina, Baban Zainab, na yi shiru, sai kuma ciwon ido ya biyo baya.

A shagona na unguwar Kilomita Biyar na fara ganewa. Wata ta ce in miƙo mata shuɗiyar atamfa, na miƙa mata koriya. Daga nan baƙaƙen ɗigo suka riƙa yawo a gabana kamar ƙudaje.

Na tsorata, don kuwa haka na mijina ya fara, shi ma da ciwon sukari kamar ni. Mun sa zuma, mun sa kwalli, har ya daina gani.

Likita a nan Bangui ya ɗiga mini magani, ya haska, ya ce jijiyoyin bayan idon ne ke zubar da jini. Ya tura mu Kamaru a yi mini aiki da hasken leza. Ƙanena Habu ya sayar da babur ɗinsa. Ya ce, "Yaya, babur ana sayen wani."

Da muka je asibitin, ban ga wuƙa ba. Na ɗora haɓa a kan na'ura, koren haske ya riƙa walƙiya, da ɗan zafi can ciki. Na tambayi likitan ko sabon abu ne. Ya ce, "Madam, tun kina yarinya ake aikin ido da wannan hasken."

Ashe yana nan lokacin da nake sa wa mijina zuma.

A benci na zauna kusa da wani dattijo da matarsa. An yi masa aikin tuntuni, dubawa kawai suka zo. Ya kalle ta ya ce, "Hajiya, ɗankwalin nan bai hau da zanen ba." Ta ce, "Tun da aka gyara maka ido ban huta ba."

Suka yi dariya. Ni na juya baya. Kyashinta ya cika mini ƙirji, har yau bai gama sauka ba. Baban Zainab ma haka yake tsokanata da yana gani.

Ganina bai dawo duka ba, amma ya daina raguwa. Na koma shago, ina bambance shuɗi da kore. Alhamdu lillahi. Habu, Allah ya ba ka wanda ya fi shi. Maƙwabtan da suka riƙe mini Zainab, na gode.

Mai ciwon sukari, ka je a duba bayan idonka tun kana gani. Ke kuma mai miji a raye, ki ja shi ki kai shi, ko yana faɗa. Ki bar shi ya yi ta kushe ɗankwalinki.